Kwalba Mai Jan Zare

Kafin Mai Sawu ya iso shagon fiza, gurasar nan ta Turawa mai cuku, da safen nan, mutanen layin sun riga sun zauna shari'a sun yanke hukunci, abin da ya rage kawai a tafi da mai laifi. Bakin ƙofa ya cika da masu jaje da masu gulma, har da waɗanda ba su taɓa kai fiza baki ba amma yau sun fi kowa sanin yadda ake gasa ta.

Abin da ya faru ba shi da daɗin ji. 'Yar Tela yarinya ce ƙarama da jikinta ba ya shiri da gyaɗa ko ƙanƙani. Jiya da la'asar ta ci fiza kamar yadda ta saba, ba ta kai rabi ba leɓɓanta suka kumbura, numfashi ya soma gagararta, aka kwashe ta ranga-ranga sai asibiti. Likita ya ce gyaɗa ce ta shiga abincin. Alhali nan ne kaɗai wurin da uwarta Tela ta yarda ta ci abincin waje, don Mai Fiza ya ware mata katakonta da wuƙarta, da wata koriyar kwalba ta man zaitun da ya ɗaura wa jan zare a wuya saboda kada a haɗa ta da man kowa da kowa. Da gari ya waye aka nemi kwalbar don a duba abin da ke ciki, babu ita babu dalilinta.

Yatsa kuwa wuri ɗaya aka nuna. Baƙuwa, matar da ke kwaɓa fulawa a shagon, ita ta gasa fizar. Ba ta daɗe da zuwa layin ba, ba ta da kowa, ko sunanta ba wanda ya damu ya riƙe. Ga shi makon jiya ta yi cacar baki da Tela a kan rigar da aka ɓata mata wajen yanka, kowa ya ji. Me ake nema kuma?

Kofur ɗan sanda na zaune a teburin bakin ƙofa yana kurɓar shayi. Mai Fiza ne ya tari Mai Sawu, idonsa ja, ya kama hannunsa.

"Baba, don Allah ka duba mini. Tun da na ga babu kwalbar na hana kowa shiga kicin. Kai da kake nan kullum da yamma ka san yadda muke kaffa-kaffa da yarinyar nan."

"Rage murya," in ji Mai Sawu, yana waiwaye.

Kofur ya ajiye kofi. "Na ba ka zuwa la'asar, tsoho. In ba ka kawo mini wani ba, da matar nan zan tafi."

Mai Sawu tsohon ma'aikacin gandun daji ne. Ƙarfinsa duk ya ƙare wajen bin sawun ɓarayin dabbobi, yanzu da gwiwa ta gaji sai akuyar da ta ɓace da babur ɗin da aka tura daga ƙofar gida. Ya tsaya a bakin kicin ya zuba wa ƙasa ido. A ruɗewar jiya an kifar da farantin fulawa, ba wanda ya tuna da tsintsiya, don haka daɓen ya yi fari fat. Ga manyan takalman Mai Fiza, ga 'yan ƙananan silifan Baƙuwa, duk sun tattake juna. Can kusa da ƙofar baya kuwa, a kan dukansu, ga wani sawu shi kaɗai, tsaf, wanda ya zo bayan kowa ya watse. Ƙafar hagu ce, diddigen ya ja gefe kafin ya tashi.

Wannan sawun shi ne na farko da ya fara ganewa a duniya, tun yana yaro yana bin sa zuwa famfo. Sawun Yayarsa ne, mai gidan abincin da ke jikin shagon, wadda ta goya shi bayan rasuwar uwarsu, wadda har yau da furfura a gemunsa ita ke zuba masa abincin rana.

Bai yi shawara da zuciyarsa ba. Ya taka zuwa ƙofar baya kamar mai duba sakata, ya ɗora tafin takalminsa a kan sawun, ya murza.

"Ka ga wani abu?" Mai Fiza ya tambaya daga bayansa.

"An tattake wurin da yawa," in ji shi. Kunya ta kama shi har ya ji ta a kunnuwansa, don tun da yake bai taɓa yi wa ƙasa ƙarya ba.

*

Baƙuwa na ɗakin ajiya, zaune a kan buhun fulawa, busasshen kwaɓin jiya har yanzu a gefen faratanta. Da ta gan shi ta yunƙura za ta tashi, ya ce ta zauna.

"Gaya mini yadda kika yi fizar."

"Yadda nake yi kullum, Baba. Na wanke hannu, na ɗauko katakonta, na ɗauko kwalbar daga inda take. Na ga zaren da idona. Na ɗiga man a kai na sa a wuta."

"Ba ki lura da komai ba?"

Ta ɗan yi tunani. "Ta yi nauyi. Shekaranjiya man ya sauka ƙasa da rabi, jiya kuwa a cike take har wuya. Na ɗauka maigida ne ya ƙara."

"Rigar nan fa da kuka yi faɗa a kai?"

"Haba Baba! Ni ma ina da 'ya can wajen uwata, tsararta ce. A kan tsumma zan kashe 'yar mutane?" Ta share ido da bayan hannu. "Da na ji an ce kai aka kira sai hankalina ya ɗan kwanta. Kowa ya ce kai abin da ka gani shi kake faɗa."

Da mari ta yi masa da ya fi masa sauƙi. Ya ce ta yi haƙuri, ya fita da sauri kamar wanda ya tuna ya bar wani abu a kan wuta.

*

Shago na uku a jeren kuwa mashayar Tumbi ce. Kujeru na kife a kan tebura, wurin na warin giyar jiya, akwatin talabijin na ta nuna ƙwallo ba mai kallo. A kan kanta kuwa ga kwanuka jere, cike da soyayyar gyaɗa ta masu sha. Mai Sawu ya gan su ya ji wani farin ciki mara kyau ya taso masa. Yana so a ce Tumbi ne. Allah ya sani yana so.

"Gyaɗa dai ga ta nan a shagonka," ya ce da ƙarfi, yadda masu leƙe ta taga za su ji.

"To a kunnena zan ajiye ta?" in ji Tumbi, yana goge kofi. "Mashaya ce."

"Kuma kowa ya san ba ka ga-maciji da Mai Fiza."

"A kan kwalaye ne! Mutanensa su sayi fiza can, su zo nan su zauna mini da kwali su sha ruwan famfo su kalli ƙwallo. Na faɗa masa, ya ba ni haƙuri, har ya aiko mini da fiza mai nama. Shi ne gabar?"

"Ina kake da asuba?"

"A kan gadona, inda duk mai mashaya yake da asuba. Tambayi matata, ita ta tashe ni da masifa." Ya aje kofin, fara'ar ta bar fuskarsa. "Tsaya, Mai Sawu. Ni kake nufi? Yarinyar da nake ba lemo kyauta? Saboda ita na hana a fita da gyaɗa tsakar gida."

A taga an fara ƙus-ƙus. Wata ta ce ai dama mai sayar da giya ba abin da ba zai iya ba. Mai Sawu ya ji ta, ya san shi ya jawo, yanzu marasa laifi biyu ke nan ya jefa a bakin mutane. Ya sassauta murya.

"Wa ke iya shiga kicin ɗin in an rufe?"

"Kai ma kamar baƙo. Tsakar gidan bayan nan ɗaya ce gare mu, mu uku. Mabuɗai na nan ƙarƙashin tukunyar gas. Wanda gishirinsa ya ƙare ya shiga wajen maƙwabci ya ɗiba, in nasa ya zo ya mayar, ba sallama ba godiya. Da rana ma ƙofofin a buɗe suke. Haka muke zaune tun da can, ko albasa ba ta taɓa ɓata ba." Ya ɗauki wani kofin. "Jiya ma Yayarka ta leƙo nan da tsakar rana, mai kawo mata mai ya yi latti, ga albasa a wuta. Ni ba ni da shi, ta wuce."

Mai Sawu ya yi godiya da muryar da shi kansa bai gane ba.

*

Ya fita tsakar gidan. Ƙarama ce, da famfo ɗaya, da kwandunan shara, da igiyar shanya tsumma. Siminti ne, ba ya riƙe sawu, sai ya ji daɗin hakan. Ya kusa komawa ke nan idonsa ya sauka a gindin bango.

Kiyashi ne, sun yi layi siriri ja. Sun taso daga dokin ƙofar Mai Fiza, sun bi ta bayan famfo, suna tsayawa cunkus a kan wasu 'yan ɗige-ɗige da ido ba zai gani ba in ba don su ba. Mai ne ya ɗiga daga bakin kwalbar da aka ɗauka a karkace, cikin sauri, a ɓoye cikin zani. Ya bi layin a hankali, yana roƙon Allah ya karkata zuwa mashaya. Bai karkata ba. Ya miƙe har ƙofar bayan Yaya, ya shige bayan buhun albasa.

Ya ɗaga buhun. Ga koriyar kwalba, ga jan zare. Ya cire murfin ya shinshina, ƙamshin man gyaɗa ya bugi hancinsa. A kan ƙusa, saman buhun, ga ƙaramin mazurari a rataye yana maiƙo. Ya tuna maganar Baƙuwa, cewa kwalbar a cike take har wuya. Mai son cutarwa ɗigo kaɗan ya ishe shi. Wanda ya cika kwalba har wuya ya mayar da ita mazauninta aro ya biya, har da ƙari don kada a ce ya rage.

Ya sa kwalbar a aljihun babbar rigarsa ya shiga.

*

Gidan abincin Yaya tebura kaɗan ne da benci, yau kuwa ba kowa, duk an tafi kallo. Tana gaban tukunya, ba ta juyo ba.

"Auta, zauna. Shinkafar ta nuna."

Ta zuba masa, ta zaɓo masa ƙashin da yake so, ta ajiye ruwa. Ya ciro kwalbar ya ɗora kusa da farantin.

Ta dube ta, ta zauna a kan benci a hankali.

"Albasa ce ke ƙonewa," ta ce. "Na shiga, suna gaba da masu saye. Na ga kwalba na ɗauka. Da jarkata ta iso na cika musu na mayar. Ni ina na san wani zare? Na ɗauka ado ne. Sai da na ji ihun Tela tana cewa gyaɗa, gyaɗa, sannan na gane abin da na yi. Ban runtsa ba. Da asuba na je na ɗauke ta."

"Ni na san zaren, Yaya."

"Na san ka sani."

Ya ɗago kai.

"Kana tsammani ban san inda kake cin abincin yamma ba? Kullum ka ce mini cikinka ba ya son nauyi da dare, ka dawo da safe rigarka na warin cuku. Can bayan firji kake zama don kada in hango ka. Na bar ka ne kawai, tsoho da kwaɗayin yara."

Ya rasa inda zai sa fuskarsa. Sau nawa ya ga Baƙuwa na wanke hannu tana ɗauko kwalbar nan? Sau nawa Mai Fiza ya yi masa bayanin zaren? Ya san Yaya na shiga kicin ɗin aro, kuma bai taɓa ce mata uffan ba, don duk maganar da ta shafi shagon fiza yana kauce mata kada a gane yana zuwa. Ɓoyon da ma ba ɓoyo ba ne. Da ya buɗe baki sau ɗaya a kan bencin nan, da yarinyar na makaranta yanzu.

"Auta." Ta kama gefen rigarsa. "Matar nan ba su da shaida a kanta. Za su riƙe ta su sake ta, ta koma garinsu. Ni fa? Wa zai ƙara cin abincin hannuna? A layin nan na tsufa. Ka jefa kwalbar a shara, ba wanda ya gan ka."

"Ni ma na gwada, Yaya. Na ga sawunki a fulawa na goge."

"To ka ƙarasa mana."

"Matar nan tana da 'ya."

"Ni ma ina da ɗa," ta ce, tana kallonsa ido cikin ido. "Ga shi nan zaune."

Bai taɓa abincin ba. Ya mayar da kwalbar aljihu, ya ce ta zo shagon fiza in an yi la'asar.

*

Kofur ya kori 'yan kallo ya tura ƙofa, suka koma tagogi. Aka haɗa tebura biyu. Mai Fiza na tsaye jikin kanta, Tumbi ya cika kujera yana huci, Baƙuwa na rakuɓe a gefe. Tela ta zo daga asibiti da kayan jiya a jikinta, ta ce yarinyar ta fara numfashi da kanta, aka yi hamdala. Yaya ce ta shigo ƙarshe, ta zauna kusa da ƙofa ta naɗe hannu.

"To, tsoho," in ji Kofur. "Wa ka kawo mini?"

Mai Sawu ya fara da Tumbi. "Na yi maka tambayoyi da safe da muryar da ba ta dace ba, a gaban mutane. Ba ka da hannu. Ka yafe ni."

"Sai ka fita ka faɗa wa na taga," in ji Tumbi.

"Zan faɗa." Ya ajiye kwalbar a tsakiyar tebur. Tela ta yi wata 'yar ƙara. "Man gyaɗa ne a ciki. Ba wanda ya zuba shi don ya cuci yarinya. An ari man zaitun jiya da rana yadda aka saba aro a tsakar gidan nan, aka biya da man da ake da shi. Wadda ta gasa fizar ta ga zare ta yarda da shi, ba ta da hanyar sani."

"Wa ya ara?" Tela ta tambaya. "Wa ya ɓoye ta ya bar ni ina tsine wa wannan?"

Ya dubi Yaya. Ya ba ta lokaci, yana fata ta ɗauke masa wannan ɗaya kamar yadda ta saba ɗauke masa komai. Ta kafe idonta a kan bango. Ya gane ba za ta yi ba, kuma bai ga laifinta ba.

"Yayata ce," ya ce. "A bayan buhun albasarta na samo ta. Ba ta san ma'anar zaren ba. Ni na sani ban gaya mata ba. Kuma da safen nan na ga sawunta a kicin na murje shi da ƙafata, Kofur, ka sa wannan ma a ciki."

Mai Fiza ya dafe kai. Tela ta juya ta dubi Yaya, matar da ta sha aiko mata da romo lokacin da take jego. Sai ta tashi ta je ta durƙusa gaban Baƙuwa ta kama hannayenta tana kuka.

Baƙuwa ba ta dube ta ba. Mai Sawu take kallo.

"Baba, lokacin da ka zo kana tambayata maganar riga, ka riga ka sani?"

"Na sani."

Ta gyaɗa kai. Ta zare hannayenta a hankali, ta kwance ƙyallen aikinta ta ninke ta ajiye a kan kanta. Mai Fiza ya ce ta tsaya, aikinta na nan, za a yi magana. Ta ce ta ji, ta buɗe ƙofa, mutanen da suka yini suna zaginta suka dare suka ba ta hanya.

Kofur ya miƙe ya ɗauki kwalbar da ƙyalle. Ya ce tun da yarinya na raye abin ba zai yi tsanani ba, amma dole Yaya ta bi shi ofis ta ba da bayani, shi ma tsohon haka.

Yaya ta ce a bar ta ta kashe wuta. Suka jira ta a bakin gidan abincin, layin duk ya zuba ido, ta sauke tukunya, ta rufe taga, ta sa kwaɗo. Da ta fito Mai Sawu ya matsa ya miƙa hannu zai karɓi jakarta, ta ƙi ba shi. Ya ja baya don ta wuce ya bi ta, yadda ya saba tun yana yaro.

Ta tsaya cak, ba ta juyo ba.

"Wuce gaba, Auta," ta ce. "Ba na son ka a bayana."

Ya wuce gaba.